Cin Ranin Dattawa: Daga Hamadar Arizona Zuwa Gefen Dajin Falgore

A kunnen Bahaushe, cin rani sana'a ce ta masu jini a jika. Da zarar an ɗaure dammuna an cika rumbu, sai majiya ƙarfi su saɓi jaka su nufi birni ko Kurmi, wani ya yi ga-ruwa, wani dako, wani yankan farce, su dawo gida da faɗuwar ruwan farko. Hikimar abin ba ta tsaya ga 'yan kuɗin da za a samo ba, har da rage bakunan da ke cin hatsin gida, domin abin da ke rumbu ya kai iyali damina. Al'adar ta daɗe ƙwarai, har ta ja hankalin masana na waje. Baturen nan masanin labarin ƙasa, R. M. Prothero, ya yi nazarin masu fita daga Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, shi kuma David Rain ya rubuta littafi sukutum a 1999 a kan masu cin rani na yankin Maraɗi. A duk wannan tarihi, matsayin tsoho guda ne: shi ake bar wa tsaron gida.

A Amurka kuwa akwai wani cin ranin da dattawa ne ke yin sa, kuma miji da mata suke tafiya tare. Idan hunturu ya kama a jihohin arewacin ƙasar da Kanada, ƙanƙara ta rufe hanyoyi, sai waɗanda suka yi ritaya su kulle gidajensu, su shiga wata irin doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, su gangara kudu maso yamma inda hamada take. Mun saba laƙaba wa wayar hannu sunan tafi-da-gidanka, amma a gaskiya wannan mota ce ta fi cancantar sunan. Akwai wani ƙaramin gari a Jihar Arizona mai suna Quartzsite, wanda ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma a watan Janairu baƙi ke cika shi da kewayensa maƙil. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta ware musu wuraren zama na dogon lokaci, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Kafin zafin bazara ya tsananta sun watse.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lamarinsu shi ne da yawa ba zaman shan iska kawai suke yi ba. Wasu kan karɓi aikin kula da sansanin baƙi a gandayen daji na gwamnati: su tarbi masu zuwa, su share hanya, su ƙirga tsuntsaye, su gyara abin da ya lalace. Ba a biyan su albashi. Ladansu shi ne filin ajiye mota, da ruwa, da wuta. Wanda ya cika awa 250 na aikin sa-kai ana ba shi katin shiga gandayen ƙasar kyauta na shekara guda. Ƙungiyar Habitat for Humanity ma tana da reshe na irin waɗannan matafiya, waɗanda kan yada zango na makonni su taya marasa ƙarfi gina gida. Tsohon injiniya ya ɗauki guduma, tsohuwar malamar makaranta ta ɗauki burushin fenti.

Ba na kawo wannan don in ce mu sayi motoci masu gado. Ɗan fanshon da ke lissafin kuɗin maganin hawan jini ba shi ne zai sayi mota mai cin man da ya fi albashinsa na da ba. Tambayar da nake so mu yi ta fi wannan sauƙi: ina ilimin ma'aikacinmu yake tafiya ranar da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki? Malaman makaranta dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40, amma ranar dai tana nan tafe. Ran nan za a yi walima, a miƙa masa agogon bango da sallaya, washegari ya koma benci a ƙofar gida. Malamin gona da ya shekara talatin yana sanin ciwon masara tun daga launin ganye, da ungozomar da ta karɓi haihuwar da ita kanta ba ta san adadinta ba, da malamin lissafin da ya yaye likitoci, duk sai su zama 'yan zaman majalisa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Rijiyar Zaki. Muna faɗin da tsohuwar zuma ake magani, amma tamu zumar a kwalba muke rufe ta.

Dubi kudancin Jihar Kano, ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Samun yanki mai arzikinsu a jihar nan sai an tona. A Bebeji Dam ɗin Tiga yake, wanda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974, kuma da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tudun Wadan Ɗankadai kowa ya san ta da shinkafa. Doguwa ƙasar masara ce da rake, ga Riruwai tsohon garin haƙar kuza a cikin duwatsu. Tsakanin Tudun Wada da Doguwa kuma ga Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta cikinsa. Amma duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar ilimi ko ta lafiya ya san yadda ma'aikaci ke karɓar takardar canjin wurin aiki zuwa wannan shiyya. Kafin tawada ta bushe ya fara neman wanda zai yi masa hanya a dawo da shi cikin gari. Sakamakon haka shi ne makarantar da ke da aji shida da malami biyu, da ɗakin shan magani da ake buɗewa ranar kasuwa kaɗai. Ba a banza gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ba.

To, wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a birni 'yan asalin waɗannan garuruwa ne. Suna da gidan gado a can, suna da gona, kuma da sunan mahaifinsu ake kiran su. Motar da Ba'amurke ke kashe dukiya ya saya don ya sami wurin kwana a baƙon wuri, mu kakanni sun riga sun gina mana madadinta da jar ƙasa.

Na san wasu ma'aurata da suka gane wannan da kansu, ba tare da wata hukuma ta kira su ba. Maigidan tsohon hedimasta ne, uwargidan kuma ta yi ritaya tana ungozoma. Duk shekara idan an gama girbi sukan bar gidansu na Kano a hannun babban ɗansu, su koma ƙauyensu a ƙasar Kiru, ba nisa da Kwanar Ɗangora, sai gab da damina su dawo. Shi yana tara 'yan aji shida da yamma a zauren gidan, yana bi da su karatu da lissafi kafin jarrabawar shiga sakandare. Ita kuma matan unguwa ke shigo mata. Ba ta karɓar haihuwa a gida, ta ce wannan zamanin ya wuce. Aikinta shi ne ta dubi mai ciki ta ce, "Ke, wannan kumburin ƙafar ba na lafiya ba ne, gobe a kai ki awo," kuma mijin matar ya ji, domin Hajiya ce ta faɗa. Na tambayi dattijon, na ce, "Baba, me ya sa sai da rani?" Ya ce, "Malam, da damina yaran suna gona, hanyar kuma ko babur ba ya son ta. Da rani ne kowa yake da lokacin kowa." Da na yi masa zancen Turawan Arizona, dariya ya yi, ya ce su sanyi suke gudu, shi kuwa sanyin yake tarowa, don hunturun ƙauye ba ya wasa da gwiwar tsoho.

Maganarsa ta tuna mini cewa abin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. Malaman allo sun daɗe suna fita da almajiransu bayan kaka, su kafa bukkoki a bayan gari, abin da ake kira kiskadi, su yi ta karatu har ruwa ya sauka. Yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ma da rani ya fi ci, lokacin da manomi ya ajiye fartanya. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 a kan wannan turba ta ɗora. Kalandar tana nan tun da can. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne haɗa ta da rundunar 'yan fansho.

Sai dai akwai dalilai masu nauyi da suka sa irin waɗannan ma'aurata ba su da yawa, kuma rashin kishi ba ya cikinsu. Na farko kuɗi. Ba'amurken da ke aikin sa-kai yana yi ne da tabbacin fanshonsa zai shiga asusu ranar da aka saba. A nan kuwa gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Mutumin da ya shekara biyar yana jiran haƙƙinsa, da wane baki za a ce masa ya zo ya yi aiki kyauta? Ko a Amurkar ma labarin yana da ɗaya fuskar. Littafin Jessica Bruder mai suna Nomadland, wanda ya fito a 2017 aka kuma mayar da shi fim, ya nuna dattawan da talauci ne ya kore su daga gida zuwa cikin mota, suna bin aikin wucin gadi a rumbunan ajiyar kaya na Amazon. Daga nesa duk motocin kamarsu ɗaya, amma wani nishaɗi ya fito da shi, wani kuwa kuɗin haya ne ya gagare shi.

Na biyu, tsohonmu ba shi da 'yancin da nasu yake da shi, kuma ban tabbata abin baƙin ciki ba ne. Baturen da ya yi ritaya 'ya'yansa sun watse, daga shi sai matarsa sai kare. Namu dattijon shi ne waliyyin aure, shi ne mai raba gardamar gado, shi ake jira kafin a ɗauki gawa. Gidansa cike yake da jikoki da 'ya'yan 'yan'uwa, wani ma yana da 'yan firamare na cikinsa. Idan mata biyu ne ko uku, da wacce za a tafi? Wata shida a waje ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan gida. Amma Tudun Wada ba Arizona ba ce. Tafiyar 'yan awoyi ce, mutum zai iya zuwa ɗaurin aure ran Asabar ya koma ran Lahadi.

Sai tsaro da lafiya. Dajin Falgore ya yi ƙaurin suna a shekarun baya saboda ɓarayin shanu da masu tare hanya, har aka kai sojoji. Ba wanda zai ce wa mai shekara 65 ya je ya kwana a tsakiyar daji yana ƙirga gwanki. Amma tsohon malamin daji da ya san kowace ƙorama a wurin yana iya zama a garin Tudun Wada ko Doguwa ya horar da matasan da za su shiga. Mai ciwon sukari kuma dole ya san inda zai sami maganinsa kafin ya tashi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi damuna a matsayina na malami. Ranar da hukuma ta ga dattawa suna koyarwa kyauta, za ta iya samun hujjar ƙin ɗaukar sababbin malamai, alhali ga dubban masu NCE suna zaune ba aiki. Idan haka ta faru, an cuci yaro an cuci tsoho. Wurin ɗan sa-kai a gefen ma'aikaci yake, yana nuna masa yadda ake riƙe aji mai yara tamanin, ko yadda ake shawo kan maigidan da ya hana matarsa zuwa asibiti. Irin wannan ba a koyar da shi a kwalejin horon malamai.

Abin da ake bukata daga ƙananan hukumomin nan huɗu bai taka kara ya karya ba. A yawancin tsofaffin makarantu da asibitocin karkara akwai gidajen ma'aikata da suka zama maƙwancin awaki. A gyara biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, a sa fitila mai aiki da hasken rana, a tabbatar da ruwa. Ƙungiyar 'yan fansho ta jiha tana da sunayen mambobinta da irin aikin da kowa ya yi, ita za ta fi kowa sanin wanda ke da sauran ƙarfi da sha'awa. Hakimi da dagaci su karɓi baƙo su gabatar da shi a masallacin Juma'a, domin a ƙauye wanda mai gari bai gabatar ba, baƙo ne ko da a nan aka yanke cibiyarsa. A biya kuɗin mota da na magani, kada a kira shi albashi. A kuma gayyaci miji da mata tare, don rabin aikin da ke jiran a yi a waɗannan garuruwa yana cikin gida ne, inda namiji ba ya shiga.

Cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda aka yi wa doka a 2017, tana Abuja. Da a ce za ta nemi wurin gwaji, ni Kiru da Bebeji zan nuna mata a ranin farko, saboda kusancinsu da babban titin Kano zuwa Zariya, sannan a gangara Tudun Wada da Doguwa a rani na biyu, bayan an ga abin da ya yi kyau da abin da ya ƙi. Ma'aurata goma sun isa a fara da su, daga Nuwamba zuwa Afrilu.