Ƙiyasin Girma da Yaɗuwar Tashoshin Kuɗin Kirifto: Abin da Taswira ba ta Nunawa a Birnin Gwari

Gabatarwa

Tun da aka ƙaddamar da Bitcoin a ranar 3 ga Janairun 2009, tsarinsa bai dogara da wata cibiya guda ba. Kwamfutoci ne ke riƙe da kwafin kundin ciniki, kowace tana musayar bayanai da takwarorinta kai-tsaye. Su ne wannan maƙala ta kira tashoshi. Da yake babu rajistar shiga, adadinsu sai dai a ƙiyasta. Maƙalar ta yi bayanin hanyoyin ƙiyasin, tare da nuna iyakarsu a yanki irin na Birnin Gwari.

Hanyoyin Ƙiyasi

Hanya ta farko ita ce lalube. Manhaja takan tuntuɓi tasha guda ta nemi adireshin takwarorinta, waɗanda ba sa wuce 1,000 a amsa ɗaya. Daga nan sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har sababbin adireshi su ƙare. Haka shafin Bitnodes yake yi. Sai dai tashoshin da ke karɓar tuntuɓa daga waje kaɗai ake samu. Waɗanda ke bayan na'urar intanet ta gida suna iya kira, amma ba a iya kiransu.

Hanya ta biyu aro ce daga masana ƙidayar dabbobi, wato dabarar Lincoln da Petersen. A ƙaddara an tattara adireshi 1,000 a karon farko, aka sake tattara 1,000 a karo na biyu, sai aka tarar 200 sun maimaitu. Za a ninka 1,000 da 1,000 a raba da 200, a sami 5,000. Sharaɗin dabarar shi ne kada adadin ya sauya tsakanin karo biyun, alhali tashoshi na kunnuwa suna mutuwa a kowace sa'a.

Matsalar Gano Wuri

Ana gano mazaunin tasha ne ta adireshinta na intanet, kuma wannan ma'auni yana da rauni ta fuska uku. Na farko, tashoshi masu ɗimbin yawa suna amfani da Tor, wanda ke ɓoye wuri. Na biyu, wasu na zaune a rumbunan haya na Jamus ko Amurka, ko da masu su na wata nahiya. Na uku, kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a adireshi guda, wanda ke nuna mashigar kamfanin a babban birni, ba garin mai wayar ba.

Misalin Birnin Gwari

Kundin Bitcoin ya haura gigabait 500 tun 2023, don haka riƙe cikakkiyar tasha na buƙatar tsayayyiyar lantarki da intanet mai yalwa. Wannan abu ne mai wuya a ƙauyukan daji. Bugu da ƙari, a ƙarshen Satumbar 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an katse layukan sadarwa a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, saboda 'yan bindiga, ba a maido da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk ƙiyasin da aka yi a lokacin zai nuna yankin wayam, ko da akwai masu kirifto a wayoyinsu.

Dalili kuwa shi ne, akasarin masu hulɗa da kirifto a Nijeriya ba tasha suke riƙewa ba. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna wannan mu'amala a ranar 5 ga Fabrairun 2021, ciniki ya karkata zuwa na mutum da mutum a dandamali irin Binance. Shi ya sa kamfanin Chainalysis, wanda ke auna hada-hada ba tashoshi ba, ya sanya Nijeriya ta biyu a duniya a 2023. Haka nan matasan Arewa da ake kira 'yan mainin, waɗanda suka yi ta jiran Notcoin ko Pi ta "fashe", galibinsu danna waya suke yi, manhajar lalube ba ta ganinsu.

Kammalawa

Taswirar tashoshi tana ƙirga na'urori ne, ba mutane ba. Wanda ya dogara da ita ya ce kirifto bai isa karkarar Hausa ba ya yi kuskure, haka ma wanda ya ɗauki matsayin Nijeriya ya kafa hujja cewa da kirifto ake biyan kuɗin fansa a dajin Birnin Gwari. Manazarcin Hausa na iya cike giɓin ta hanyar hira da masu POS da masu cajin waya, da kuma bibiyar yaɗuwar kalmomin wannan harka a bakin jama'a.