Tafiya cikin zamani: Abin da ke rage wa jarumi idan an goge masa jiya

A garuruwa irin su Gaya da Ajingi, fim mai dogon zango ba kasafai yake isa ga mai kallo a jere ba. Wani a shagon masu tura finafinai yake karɓar kashi biyar a waya, sai bayan mako biyu ya samu sukunin karɓo na gaba. Wani kuma a majalisa yake jin abin da ya wuce shi. Duk da haka, da jarumi zai manta alkawarin da ya ɗauka a zango na biyu, kafin marubuci ya farga masu kallo sun kama shi. Wannan riƙon na mai kallo shi ne jarin kowane dogon shiri, kuma babu wanda ya fi wasa da shi kamar shirin da jarumi ke ratsa zamani, ya koma jiya ko ya leƙa gobe.

Misali daga gida zai fi fito da matsalar. Labarin Bayajidda ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. A ƙaddara wani marubuci ya ɗauki matashin Gaya na yau ya mayar da shi wannan maƙera, har ya yi sanadin da ba a ƙera wuƙar ba. Macijiya na nan da ranta, ba a ɗaura aure da Daurama ba, ba a haifi Bawo ba. Sai matashin ya dawo gida. To, wa zai tuna da Hausa Bakwai? Idan shi kaɗai ne, ya zama baƙo a mahaifarsa, yana ɗauke da labarin da babu mai gaskatawa. Idan shi ma ya manta, wahalar da ya sha da hankalin da ya yi duk sun bi ruwa, mai kallo kuma ya yi asarar lokacinsa.

Shirin Dark na ƙasar Jamus, wanda Netflix ta nuna daga 2017 zuwa 2020, ya kauce wa wannan ramin ta hanyar ɗaure zamani tamau. Labarin na zagayawa ne a tazarar shekara 33, tsakanin 1953 da 1986 da 2019, kuma duk yunƙurin gyara abin da ya wuce shi ne ke haifar da shi. Jonas ya koma baya domin ya hana mutuwar mahaifinsa, sai zuwan nasa ya zama silarta. Mutum uku ne suka fito a matsayinsa, saurayi da magidanci da tsoho, kuma abin da ya mayar da tsohon marar tausayi shi ne bai manta komai ba.

Doctor Who na BBC, da aka fara ranar 23 ga Nuwamba, 1963, ya bi wata hanya dabam, kuma larura ce ta sa. A 1966 rashin lafiya ta ci ƙarfin William Hartnell, jarumin farko, sai masu shirin suka ƙirƙiro cewa jikin Dakta kan sabunta idan ya tsufa ko ya jikkata. Patrick Troughton ya karɓa da sabuwar fuska da sabon hali. An ci gaba a haka har mace, Jodie Whittaker, ta hau matsayin a 2017, sannan Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a 2023. Fuska da murya da ɗabi'a duk suna sauyawa, amma kowane Dakta yana tuna waɗanda ya binne da kurakuran da ya tafka.

Masu bin Labarina na Aminu Saira sun san wannan ba tare da injin ratsa zamani ba. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ce ta ci gaba a matsayin Sumayya. An yi ta muhawara a kan kamanni, amma aikin marubuta na gaske shi ne sabuwar Sumayya ta ɗauki tabon tsohuwar, ta san wanda ya cuce ta da wanda ya tsaya mata.

Abin da ya fi sauya fuska ciwo shi ne goge tunani. A 2008 Dakta ya shafe wa abokiyar tafiyarsa Donna Noble duk abin da ta gani tare da shi, domin ya ceci ranta. Matar da ta fara a matsayin ma'aikaciyar ofis ta wucin gadi, mai raina kanta, har ta kai ga ceto duniya, sai ta koma gidan jiya tana hirar banza a waya. Ba ta mutu ba, amma masu kallo da yawa sun ɗauke shi tamkar rashi. Sai a 2023, bayan shekara 15, marubuta suka mayar mata da abinta.

Shirin kansa ma ya taɓa manta jiyansa. A shekarun 1960 da 1970 BBC kan goge tsofaffin kaset-kaset domin a sake naɗa a kansu, kashi da dama na Doctor Who suka salwanta. A watan Oktoban 2013 aka sanar da cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi tara daga cikin waɗanda suka ɓata, duk na zamanin Troughton, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos.