Ramin Kashi Ɗaya Cikin Takwas

A 1986 Bednorz da Müller suka gano a Zurich cewa haɗin lantanom, bariyom, jan ƙarfe da iskar oksijin yana barin lantarki ya wuce ba turjiya ko kaɗan idan an sanyaya shi zuwa wajen digiri 35 a ma'aunin Kelbin. Duniya ta ɗauka. Shekara biyu bayan haka, masu bincike a Brookhaven ta Amurka suka ci karo da abin ɗaure kai. Suna ƙara bariyom, wannan baiwar tana ƙaruwa, amma da ya kai kashi ɗaya cikin takwas sai ta faɗi warwas, saura 'yan digiri. Aka ƙara kaɗan, ta dawo. Me ya ci ta a nan kaɗai?

Zargin farko ya faɗa kan ginin sinadarin kansa. An lura cewa in sanyi ya yi tsanani, oksijin da ke kewaye da kowace ƙwayar jan ƙarfe yana karkata wani gefe na daban. Sai a 1995 Tranquada da abokan aikinsa suka harba niyutiron cikin wani ɗan'uwan wannan sinadari, suka ga cajin lantarki ya jeru layi-layi kamar kunyoyin gona, kunya ɗaya bayan kowace ƙwaya huɗu ta jan ƙarfe. Abin da ya kamata ya gudana ya tsaya a sahu.

To, wa ya haifi wani, karkatar ko kunyoyin? A nan matsi ya yi rana, domin yana taɓa gini ba tare da an sauya haɗi ba. A 2010 Hücker da tawagarsa suka matse sinadarin ta ko'ina har ya zarce gigafaskal 1.85, fiye da nauyin iskar duniya sau dubu 18. Karkatar ta ɓace. Kunyoyin suka ƙi tafiya, baiwar kuma ta ɗan farfaɗo kawai. Ashe kunyoyin suna iya tsayawa da ƙafarsu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 2020 a Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan. Guguchia da abokansa suka danna sinadarin, mai bariyom kusa da kashi ɗaya cikin takwas, ta gefe ɗaya tak, da matsin wajen gigafaskal 0.1 kacal. Digirin da ɗaukacin sinadarin ke samun baiwar ya tashi daga wajen 10 zuwa 32, yankin da maganaɗisun kunyoyin ya mamaye kuma ya ragu. Amma a cikin kowace shimfiɗa ta jan ƙarfe da oksijin, baiwar kusan ba ta motsa ba, don dama tana nan tun kafin a danna.

Nan ne bakin zaren. Kunyoyin kowace shimfiɗa suna gicciye da na wadda ke samanta, ana kuma ganin shi ya sa lantarkin ya kasa tsallakawa tsakaninsu ba turjiya. Ana kyautata zaton ɗan dannin nan ne ya dagula wannan gicciye, shimfiɗun suka haɗa kai.