Abubuwan ban mamaki a taƙaice: daga masu ɗanɗanon giyar inabi zuwa ƙwaryar furar Anka

A ƙasashen Turai akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ɗanɗana giyar inabi. Da kurɓi ɗaya sai su yi ƙoƙarin faɗin yankin da aka noma inabin, da shekarar da aka tsinke shi, da irin abincin da ya kamata a kora da ita. A Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa giya haramun ce a addini, doka ma ta hana sayar da ita tun da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara ranar 27 ga Janairu 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Sai dai sanin mahaɗin abinci bai tsaya ga giya ba. Iyayenmu mata da masu tallan nono da masu shayi sun daɗe da wannan ilimi, kuma nasu babu maye a ciki. Ga wasu abubuwa da za su nuna haka.

1. Tsamiya da inabi tsaminsu ɗaya

Sinadarin da ya fi ba inabi tsami ana kiransa tatarik. 'Ya'yan itatuwan da ke da shi da yawa ba su da yawa, kuma tsamiya tana sahun gaba, har ta fi inabin. Masu ɗanɗanon giya sun ce abin sha mai tsami shi ke wanke maiƙo daga harshe, don haka suke haɗa shi da soyayyen abinci. Duk gidan da ake buɗa-baki da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi an san wannan tun kaka da kakanni. Ƙosai ya sha mai, kunu ya bi ya wanke, sai loma ta gaba ta zo da daɗinta kamar ta farko.

2. Baurin goro

Abin da Turawa suka fi yin dogon bayani a kansa game da jar giya shi ne baurinta. Daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa, sunan sinadarin tanin, kuma aikinsa shi ne kama miyau har baki ya bushe. Irinsa ne a cikin goro, da ganyen shayi, da bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Maiƙo da nama suna lausasa shi, shi ya sa Turawa ke haɗa jar giya da gasasshen nama. A wajenmu, bayan an ci balangu ko tsire sai a nemi shayi mai ƙarfi ko ɓarin goro. Dattawa kuma sun san wani sirrin: ka ci goro ka kurɓi ruwan randa, sai ka ji ruwan ya yi zaƙi.

3. Ruwa ba ya kashe yaji, nono ke kashe shi

Abin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Wanda yajin kilishi ya kama, in ya ɗaga kofin ruwa, zafin kawai yake yaɗawa a baki. Nono kuwa yana da maiƙo, yana kuma da wani sinadari da ke naɗe zafin ya tafi da shi. Giya mai ƙarfi ma ƙara ruruta yaji take yi, shi ya sa masananta ke shan wahala wajen samo wadda ta dace da abinci mai barkono. Mai fura ta riga ta warware matsalar tun a turmi: ta daka gero da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, sannan ta dama da nono, zafi da maganinsa a ƙwarya guda.

4. Masu aikin kindirmo suna aiki a Faransa

Madarar da Bafulatana ta tatsa ta zuba a ƙwarya ba da kanta take yin barci ba. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke cinye sukarin madarar su mayar da shi tsami mai laushi. Danginsu ne masu yin giya a Faransa ke bari su shiga gangunansu, don su mayar da tsamin inabi mai kaifi ya koma irin tsamin nono. Ƙwaryar da aka saba zuba madara a cikinta tana riƙe waɗannan ƙwayoyi a jikinta. Wannan na cikin dalilan da suka sa nonon kowace ruga yake da ɗanɗanonsa, har mai saye ya tsaya a kan cewa shi sai na wance.

5. Ido yana rigan harshe

A shekarar 2001, a Jami'ar Bordo ta Faransa, wani mai bincike Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun zuba wa farar giya jan launi marar ɗanɗano, suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giya. Sai ga ɗaliban suna siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Launi ya ja harshensu. Jan zoɓo da jan inabi kuwa daga dangin sinadari ɗaya suke, kuma mai zoɓo ta san yadda ake sarrafa shi. In ta matsa lemun tsami, ja ya ƙara haske. In ta jefa kanwa don rage tsami, launi ya dushe ya yi duhu. Don haka gwanaye ke taka-tsantsan da kanwa, sun san da ido ake fara sha. Wannan zoɓon namu ana fitar da shi har Meziko, inda suke jiƙa shi su sha da abincin rana.

6. Hancin Yuro miliyan biyar

A 2008 wani ɗan ƙasar Holan mai gonar inabi a Faransa, Ilja Gort, ya yi wa hancinsa inshora ta Yuro miliyan 5 a kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan. Yana da hujja. Harshe abubuwa kaɗan yake rarrabewa, irin su zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, sauran daɗin duk aikin hanci ne. Shi ya sa mai mura ke cewa abinci ya yi masa lami. Uwargida ma kafin ta kai kunu baki, sai ta buɗe murfi ta shinshina. Da haka take gane ko ya fara juyawa, ko citta ta yi yawa, ko geron ya kwana a jiƙe fiye da ƙima.

7. Ranar da aka rufe sunan kwalba

Ranar 24 ga Mayu 1976, wani Baturen Ingila mai sayar da giya a Faris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara, ya ba su giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya a Amurka ba tare da sun san wace ce wace ba. A fara da ja duka, ta Amurka ce ta zo ta ɗaya. Faransawa sun ji zafin abin, domin a lokacin babu mai haɗa giyarsu da ta kowa. Darasin ya shafe mu. Yau ana sauke baƙo da lemun kwalba ana ganin an girmama shi, ana jin nauyin kawo masa kunun gyaɗa. Da za a ɓoye kwalba da tambarinta a bar harshe ya yi hukunci, da yawa cikinmu ƙwarya za su zaɓa.

8. Kunun aya a ƙasar Andalus

A Balensiya ta ƙasar Sifen akwai shagunan da kunun aya ne babbar hajarsu. Suna kiransa horchata, suna shan sa da sanyi, suna tsoma wani dogon burodi mai sukari da aka ƙera musamman dominsa. Ana danganta yaɗuwar noman aya a can da zamanin Musulmin Andalus. Ayar da suke nomawa ba ta isarsu, sai sun sayo daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, inda jihar Maraɗi ta shahara da nomanta. Namu ya ɗara nasu kayan haɗi, domin mu da dabino da kwakwa muke markaɗa shi.

9. Randa

Tsofaffin tukwanen da aka samu da alamar giyar inabi a ƙasar Jojiya sun kai shekara 8,000, kuma har yau mutanen can suna binne manyan randunan yumɓu a ƙasa don kada zafi ya taɓa abin da ke ciki. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2013. Tamu randar wata dabarar take bi: ruwa na tsatsowa ta jikinta, iska na busar da shi, sanyi na komawa ciki. A kan haka wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

10. Kowane abin sha da lokacinsa

Koko na safe ne, mahaɗinsa ƙosai. Fura ta rana ce, lokacin da manomi ya taso daga gona, kuma ita kaɗai abinci ce da abin sha. Kunun kanwa na mai jego ne. Kunun gyaɗa na baƙo ne da mai azumi da marar lafiyar da ya fara murmurewa. Hoce, abincin Zamfarawa na garin dawa, yana da ƙarfi a baki, sai da abin korawa a kusa. Shayin Buzaye dahuwa uku ne a jere, na farko ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Babu wanda ya rubuta wannan tsari, amma a kai wa mai jego zoɓo mai ƙanƙara a ji abin da tsofaffin gida za su ce.

11. Zaƙin da ba na sukari ba

Kunun zaƙi na asali ba ya buƙatar sukari. Ana dama gasarar gero ko dawa da tafasasshen ruwa, in ta ɗan huce a zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, a rufe. Kafin gari ya waye sinadaran dankalin sun narkar da kaurin sun mayar da shi zaƙi. Daga tsiron dawa masu burkutu ma suke farawa, bambancin shi ne su suna barin zaƙin ya ruɓe ya zama maye. Musulunci ya shata wannan iyaka tun farko. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa yana sha, amma ba a barin jiƙon ya haura kwana uku. A zafin bazarar Gummi kunu ba ya ma kai haka, shi ya sa ake yin na yini guda.

12. Jabu

A Oktoban 2018 an yi gwanjon kwalbar giya guda ta shekarar 1945 a Niyok a kan Dala 558,000. Inda kuɗi suka kai haka ba a rasa 'yan damfara. A 2014 kotun Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara 10 saboda ɗura giya mai araha a tsofaffin kwalabe, bayan ya yaudari manyan masu saye. Nono ma yana da nasa. Satar shanu da rashin tsaro sun watsa rugage da dama a yammacin Zamfara, nonon shanu ya yi tsada, wasu suka koma ƙara masa ruwa da garin kuka ko madarar gari. Kwalba da nono, wato haɗin kuka da nono, abin sha ne mai kyau in an faɗi sunansa, laifin shi ne a sayar da shi a matsayin tsantsa. Har yanzu kariyar mai saye ita ce ya ce, "Inna, a ba ni in ɗanɗana."

13. Abin da harshe ba ya ganewa

Rumawan zamanin da suna tafasa ruwan inabi a tukwanen dalma har ya yi kauri, su zuba a giya da abinci. A Jamus ma masu giya sun riƙa gyara mai tsami da dalma, sai da wani likita a garin Ulm, Eberhard Gockel, ya gano ita ke jawo ciwon cikin da ke kashe mashaya. A 1696 sarkin Württemberg ya sa hukuncin kisa a kan mai yin haka.

Wannan guba ce ta auka wa Anka da Bukkuyum. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar da yara suna ta mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, daga baya aka gano Bagega ma abin ya kai ta. Duwatsun zinaren da ake kawowa gida cike suke da dalma. Ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da ake shanya gero kuma yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013. Ƙurar dalma ba ta canza ɗanɗanon fura, gwanar gwanaye ba za ta ji ta a baki ba. Maganinta shi ne turmin dutse daban, turmin hatsi daban, kuma kada a shigo da aikin zinare cikin gida.

Matan da suka san yawan tsamiyar da kunu ke ɗauka, da ranar da nono ya kai a dama shi, masana ne a fagensu. Turawa sun buɗe wa masu ɗanɗanonsu makarantu, sun rubuta musu littattafai, suna ba su takardar shaida. Namu ilimin yana hannun tsofaffi, kuma da yawansu rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu. Duk mai kaka ko gwaggo da ta iya, ya zauna kusa da ita ya koya, ya rubuta, ya koya wa 'ya'yansa.