Titin Rome, Inda Tsohon Saksofon Ya Fi Sabo Tsada

Kusa da tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Paris akwai wani titi mai suna Rue de Rome, wanda shagunan kayan kiɗa suka yi jerin gwano a gefensa. Ba banza suka taru a nan ba. A 1911 babbar makarantar kiɗa ta Paris ta koma titin Madrid da ke maƙwabtaka, ta zauna can har 1990, sai masu ƙira da masu gyara suka biyo ɗalibai. Yawancin shagunan na masu gogen Turawa ne, amma a tsakaninsu akwai na kayan busa, kuma a nan ake cinikin tsohon saksofon, ƙahon tagullar nan mai lanƙwasa da aka san Fela Kuti da Manu Dibango da shi.

Wani ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a Paris a 1846. Daga baya kamfanin Selmer ya sayi maƙerar gidan Sax, kuma daga masana'antarsa ta Mantes-la-Ville ne sarkin wannan kasuwa ya fito: ƙirar Mark VI, wadda aka fara a 1954, aka shekara ashirin ana yi kafin a canza fasali. Makaɗan jaz John Coltrane da Sonny Rollins duk sun busa ta, shi ya sa har yau sunanta ke tayar da farashi.

Mai saye da ya san kan abin ba ya fara da busa. Juya ƙahon yake yi ya karanta lambar ƙira da aka buga a bayansa. Idan alƙalumanta biyar ne, wato na shekarun farko, dillali ya san yana riƙe da kaya. Babban irin da ake kira teno, in yana da lafiya, yakan haura dala 10,000 cikin sauƙi. Sai mai sayen ya dubi wuyan, ko na asali ne ko an musanya. Sai ya shafa zanen furannin da aka sassaƙa a bakin ƙahon da ɗan yatsa. Nan ne gizo ke saƙar. Saksofon da ya koɗe, ya yi dabbare-dabbare, ya fi wanda ke walƙiya daraja, domin kafin a sake shafa masa man ƙyalli sai an goge shi da inji, gugar kuwa tana cin tagulla, tana dusar da zanen. Zane mai kaifi shaida ce cewa ba a taɓa shi ba. Masana har suna bambance wanda aka gama a Faransa da wanda aka tura Elkhart ta jihar Indiyana aka haɗa shi, aka zana shi a can don kasuwar Amurka.

Kasuwa ba ta rasa zance. Za ka ji ana cewa daɗin sautin Mark VI ya samo asali ne daga kwanson harsasan Yaƙin Duniya na Biyu da aka narka. Babu hujja a kai, amma labarin ya daɗe yana sayar da kaya.

Na Amurka ma suna da masoyansu: Conn da Buescher da Martin na Elkhart, da King Super 20 na Kilibland. Sautinsu ya fi kauri, maɓallansu sun fi wuyar sabo, kuɗinsu ya fi sauƙi. Akwai kuma Grafton, na roba mai launin madara da aka yi a Landan a shekarun 1950. Saurin tsagewa gare shi, don haka kaɗan suka rage. Wanda makaɗin jaz Charlie Parker ya busa a Toronto a 1953 an yi gwanjonsa a Christie's a 1994 kan fam 93,500, yanzu yana gidan tarihin kiɗan jaz a Kansas City.

A ganina, mutumin da kasuwar ta dogara da shi yana can ƙuryar shago, wato mai gyara. Yakan zura ƙaramar fitila cikin ƙahon, ya rage hasken ɗaki, ya danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Duk inda haske ya leƙo ta gefen fatar da ke toshe rami, iska na zurarewa ta nan. Sai ya ɗumama marfin da ɗan harshen wuta har ƙaron da ke riƙe da fatar ya yi laushi, ya daidaita ta, ya sake dubawa. Ramukan sun haura ashirin, kuma ɗaya in ya yi yoyo, ƙananan sautuka sun ƙi fita. Mai gyaran kamar tsohon maƙeri ne da ya san halin ƙarfe da hannu. Kalmarsa ɗaya kan sa dillali ya ce albarka, ko ya sallama.

Abin da ke damuna shi ne inda kayan ke tafiya. Tun da intanet ya haɗa Paris da Tokyo da Niyok, masu tarawa sun shigo da kuɗin da makaɗi ba zai iya ja da su ba. Ina yaba musu adana tarihi, don da yawa da sun ruɓe a ɗakin ajiya. Amma saksofon da aka kulle a akwatin gilashi fatunsa bushewa suke yi, kuma ba don kallo aka ƙera shi ba. Ɗalibin da ya shigo titin da ɗan guzurinsa yakan roƙi a bar shi ya gwada tsohon Selmer, ya busa na ɗan lokaci, sannan ya nemi farashin Yamaha ko Yanagisawa na Japan. Su ma ƙira ce mai kyau, kuma masu gyara da yawa za su gaya masa sun fi tsofaffin daidaiton sauti.