Sakata da Kwaɗo a Hanyar Zabarmari

Tun daga watannin farko na shekarar 2024, lokacin da yunwa da tsadar abinci suka kai talakawa ga tare manyan motoci a Suleja da Dogarawa ta kusa da Zariya suna wawashe abin da ke ciki, wani ra'ayi ya kafu a zukatan fataken amfanin gona na Arewa, har ya zama kamar ba ya bukatar hujja, watau cewa duk kayan da ba a kulle cikin ƙarfe ba, to, an riga an sallama su. Ra'ayin ya iske mutanen Maiduguri a shirye suke su karɓe shi, domin gobara ta riga ta cinye babbar kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, ba su kuma gama farfaɗowa ba sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga kasuwanni da ɗakunan ajiya, ya shafe gonakin Jere. Wanda wuta da ruwa da ɓarayi suka taɓa shi cikin shekara biyu, ba abin mamaki ba ne idan ya ɗaga ido ya ga tsohuwar kwantena mai ƙyaure biyu da sandunan ƙarfe huɗu, ya ce ga mafita ta samu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a ganina wannan mafita, bisa yadda ake aiki da ita ga shinkafa da albasa da kayan gwari na Zabarmari da ke yankin Jere, gudun gara ne zuwa gidan zago, kuma tushen illar yana nan a bakin ƙofa, a jikin sakatar da kowa yake yabo.

Lalle ne mu fara duban wannan sakata, mu gane aikin da aka ƙera ta dominsa. Kwantenar da Malcom McLean ya fara ɗorawa a jirgin ruwa a Amurka cikin 1956, wadda daga baya aka daidaita girmanta a duniya zuwa ƙafa 20 da ƙafa 40, an shirya ƙofarta ne bisa sharaɗi guda: a rufe ta a ƙasar da aka yi lodi, kada a sake taɓa ta sai a ƙasar da za a sauke. Kowane ƙyaure yana ɗauke da dogayen sanduna biyu a tsaye, kowace sanda tana da ƙugiya a sama da ƙasa, idan aka murɗa mariƙinta sai ƙugiyoyin su shige gurabensu a jikin dogaran ƙofa, su jawo ƙyauren da ƙarfi har ya danne robar da ke kewaye da shi, ta yadda feshin ruwan teku ba ya samun hanyar shiga. Ƙyauren dama yana hawa kan na hagu, saboda haka shi ake fara buɗewa, a jikinsa kuma ake ɗaura hatimi, wani ɗan ƙarfe mai lamba wanda ba ya fita sai an datse shi, wanda ƙa'idar duniya mai lamba ISO 17712 ta kayyade ƙarfinsa. Hatimin nan ba don ya hana ɓarawo aka yi shi ba. Shaida ce kawai, mai faɗa wa wanda ya karɓi kaya ko an buɗe a hanya ko ba a buɗe ba. Duk hikimar ƙofar ta tattaru ga abu biyu, toshe iska da ƙarancin buɗewa, alhali kuwa amfanin gonar Zabarmari numfashi yake bukata, hanyar da yake bi kuma ba ta san ƙofar da ba a buɗewa ba.

Masu bayani a kan wannan sauyi na komawa ga kwantena sukan danganta shi da ci gaban zamani, ko da yawaitar kwantenoni a Maiduguri tun da ƙungiyoyin agaji suka cika garin, ko da tashin farashin shinkafa bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 da cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Duk waɗannan suna da rabonsu, domin buhun da darajarsa ta ninka dole a ƙara masa tsaro. Amma babban musabbabi, wanda sauran suke rataye a jikinsa, shi ne tsoro, kuma tsoron ba a bakin ɗakin ajiya ya fara ba, a gona ya fara.

Kowa ya san kisan gillar da aka yi wa manoma a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020, da gawarwaki 43 da aka yi wa salla a Zabarmari washegari a gaban Gwamna Babagana Umara Zulum, kuma kowa ya san cewa masu girbin shinkafa ne, a tsakiyar aikinsu aka same su. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda irin wannan musiba take sauya tsarin aikin girbi kansa. A al'adar manomin fadama, idan ya yanke shinkafa yakan bar ta a gona ta sha iska, ya sussuka, ya shanya, har sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, wanda a lissafin masana yake daidai da saukar damshinta zuwa wajen kashi 14 cikin ɗari; sa'an nan ya ɗura a buhu. Wannan kuwa aiki ne mai son kwanaki da kwanciyar hankali, da mutumin da zai iya kwana kusa da tarinsa. Malamanmu sun san cewa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an bambanta hukuncin satar 'ya'yan itacen da ke rataye a bishiya da waɗanda aka riga aka tara a mashanya, domin Shari'a ta ɗauki mashanya a matsayin hirzi, wurin da dukiya ta shiga tsaro ko da babu bango ko ƙyaure, saboda amincin jama'a ya isa ya zama katanga. To, a fadamar Jere yau, mashanya ita ce wurin da ya fi kowane haɗari. Manomin da yake fita bayan gari ya waye sosai, sau da yawa a inuwar soja ko 'yan sa-kai ko dakarun Agro Rangers, ya kuma wajaba ya komo tun rana ba ta yi sanyi ba, ba shi da ikon ya bar shinkafarsa ta kwana uku a fili. Yankewa yake yi, ya buge, ya ɗura da ɗanyenta, ya nemi mota. Shanshera mai damshi ita ke isowa gari, ita kuma dillali yake turawa bayan ƙyauren da aka ƙera musamman don kada iska ta ratsa shi.

Abin da ke biyo baya ba ya bukatar dogon ilmi. Ƙwayar hatsi mai damshi rayayya ce, tana numfashi, tana fitar da zafi da tururi. Da rana ƙarfe ya ɗauki zafi fiye da iskar waje nesa ba kusa ba, a garin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, da dare kuma, musamman cikin hunturu, wanda shi ne lokacin da shinkafa take shigowa, rufin ya yi sanyi, tururin ya koma ruwa a jikinsa, ya riƙa ɗiga a kan buhunan sama. 'Yan ƙananan kafofin iskar da ke kusurwoyin kwantena an yi su ne don daidaita matsin iska, ba su isa su fitar da wannan gumi ba. Sai a buɗe bayan makonni a tarar da fumfuna, da shinkafar da ta yi rawaya, wadda matan da ke turara ta ba za su saya da daraja ba, masu injin casa kuma su ce tana karyewa. Albasa ta fi wannan rashin haƙuri. Manoman Ostareliya da Niyu Zilan, waɗanda suka daɗe suna aika albasa ta teku zuwa ƙasashe masu nisa, sun kai ga cire ƙyaure ɗaya gaba ɗaya, ko ɗaure shi a buɗe, ko kafa fanka a jikin kwantenar, don sun gane cewa asarar ruɓewa ta fi asarar sata. Mu kuwa mun karɓi akwatin, mun bar wannan darasin a can. Tumatir da tattasai da attaruhu ba ma a maganarsu, sai fa in akwai na'urar sanyaya, wadda take son lantarkin da Maiduguri ta yi fama da rashinsa tun da aka rushe turakun layin Damaturu a farkon 2021.

Sa'an nan ga hanya. Tsakanin Zabarmari da kasuwar Gamboru ta Maiduguri tafiya ce 'yar kaɗan, kuma mafi yawan kayan a-kori-kura ne da keke mai ƙafa uku suke ɗaukarsu, da igiya da tamfol. Amma abin da zai wuce Damaturu da Potiskum zuwa Kano, ko ya nufi Dikwa da Gamboru Ngala, shi ne yake shiga motar da aka rufe. A ƙasar da ake yaƙi da masu tayar da ƙayar baya, waɗanda abinci yake cikin manyan bukatunsu, jami'in da ke kan shinge yana da uzurin ya ce a buɗe ya gani, kuma uzurin ya ƙaru tun da gwamnati ta tsananta a kan fitar da abinci waje, har hukumar EFCC ta tsare manyan motoci 21 a Borno cikin watan Maris na 2024 bisa zargin za su ƙetare iyaka da kaya. Hatimin da aka datse a shingen farko ya gama aikinsa, babu kuma wanda zai ɗaura sabo ya rubuta lambarsa. Daga nan sai kwaɗo, mabuɗinsa kuwa yana aljihun direba ko yaron mota. Sandunan da aka ƙera don a murɗa su jefi-jefi ana murɗa su a kowane shinge, cikin ƙura da gaggawa, da taimakon guduma ko bututun ƙarfe idan sun cije, har ƙugiya ta lanƙwashe, roba ta yage, a koma ɗaure mariƙi da waya.

A nan ne wata tsohuwar mas'ala ta fiƙihu take da amfani. Fukaha'un Malikiyya, tun daga Mudawwana, sun ɗauki wanda aka yi ijara da shi don dakon kaya a matsayin amintacce, wanda ba ya biyan abin da ya salwanta sai an tabbatar da sakacinsa; amma suka togace mai dakon abinci, suka ɗora masa lamuni, bisa dalilin cewa hannuwa suna saurin kaiwa ga abinci, sai dai in ya kawo shaidar yadda kayan suka halaka, ko kuwa mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Wannan shi ya sa fataken da suke hawa kan lodinsu, su sha rana da ƙura har kasuwa, ba wauta suke yi ba. Ƙofar ƙarfe ta zo da alkawarin ta ɗauke wa mai kaya wannan wahala, ta tsaya a madadin idonsa. Amma ƙofar da aka buɗe a wurare da dama, a hannun mutanen da ba su sa hannu a kan kome ba, ba ta zama shaida ga kowa, sai ta bar direba da lamuni, ta bar mai kaya da zato, husuma kuma ta koma wurin shugabannin tasha. Balle ma masana harkar jiragen ruwa sun daɗe da sanin cewa ɓarawo mai wayo yana iya cire ƙusar da ta riƙe mariƙi, ya murɗa sanda, ya mayar, hatimi yana nan lafiyarsa ƙalau.

Ba zan hana masu kwantena haƙƙinsu ba. Ɓera ba ya huda ta, tartsatsin wuta ba ya kama ta kamar rumfar zana, ɓarawon dare mai almakashin ƙarfe yakan sha wuya idan mai walda ya lulluɓe kwaɗon da akwatin ƙarfe, kuma busasshen wake ko shinkafar da aka riga aka casa suna iya zama a ciki lafiya, muddin an yi mata rumfa a sama, an jera buhuna a kan katako. Kwandon kaba da tamfol su ma suna da tasu ɓarnar, wadda duk mai saukar da tumatir a Mile 12 ta Legas ya sani. Sai dai wannan fa'ida ta mai busasshen kaya ce da mai jari, ba ta ƙaramin manomin da tsoro ya hana shi shanya ba.

Akwai kuma illa biyu da ba a cika ambata ba. Ta farko, kwantena tana son ta zauna daidai a kan kusurwoyinta huɗu. Idan aka ajiye ta a kan laka irin ta fadama, wadda take kumbura da damina ta tsage da rani, sai jikinta ya murɗe kaɗan, ƙugiyoyi su daina haɗuwa da gurabensu, ƙofa ta ƙi rufuwa ko ta ƙi buɗuwa, a kira mai walda ya yanke sanda ɗaya, daga nan kuma ba toshewar ba tsaron. Ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi rai: sakatar nan daga waje kaɗai ake buɗe ta. Amurka ta kafa doka tun 1956 cewa kowane firiji na gida ya zama ana iya tura ƙofarsa daga ciki, bayan yara da yawa sun mutu cikin tsofaffin firijoji masu sakata, kuma ɗakunan sanyi na kirki duk suna da mariƙin ciki. Kwantenar da ta zama rumbu a unguwa, inda yara suke wasa, 'yan dako suke fakewa, ake kuma jefa ƙwayar Phostoxin don kashe ƙwari, wadda hayaƙinta yake kashe mutum a rufaffen wuri, ba ta da wannan kariya.

Gyaran da ke hannun mutane ba shi da tsada, kuma masu waldar Maiduguri sun fi ƙarfinsa: a yanka tagogi masu raga a sama da ƙasan bango don iska ta zaga, a ƙara ƙyauren ciki na sandunan ƙarfe wanda za a kulle a bar na waje a buɗe da rana, a sa sakatar da ake zarewa daga ciki, a ɗora akwatin a kan dakalin siminti. Ƙyauren raga yana da wata fa'ida a kan hanya, domin jami'i yana iya haska tocila ya ga buhu ba tare da an datse kome ba. Abin da ya fi ƙarfin mai walda shi ne mashanya mai tsaro a cikin garin Zabarmari, daɓe mai faɗi inda za a baza shanshera ta bushe kafin ta ga ƙyaure, da kuma yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin direbobi da hukumomin tsaro cewa wanda ya datse hatimi a shinge shi zai ɗaura wani, ya rubuta lambarsa a takardar kaya, ya sa hannu.