A-kori-kura ta maƙale a giya ɗaya? Abin da ya kamata a duba kafin a sauya ƙwaƙwalwarta

Duk ranar Alhamis, motocin a-kori-kura kan taso daga Gagarawa Tasha da Gumel da Sule Tankarkar ɗauke da awaki da buhunan riɗi da zoɓo zuwa kasuwar Maigatari. Idan mota ta ƙi tafiya a wannan rana, cinikin mako guda ya wuce mai ita.

Ga masu mota mai giyar otomatik, matsalar kan zo da sabon salo. Injin lafiya lau, amma motar ta maƙale a giya ɗaya, ko ta riƙa fizga idan za ta sauya, ga fitilar gargaɗi a kunne.

Nan take akan ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwar giya, wadda ake kira TCM. Ƙaramar kwamfuta ce da ke lura da gudun mota da juyin inji da yadda direba ya taka totur, sannan ta zaɓi giyar da ta dace. Idan ta hango matsala, da gangan take tsayar da motar a giya guda don kada giyabos ya lalace.

Ba kullum ne laifinta ba

Batir mai rauni, da wayar da ɓera ya ci, da soket ɗin da ruwan damina ya shiga, da man giya da ya ƙone, duk suna kawo waɗannan alamomi.

A 2019 kamfanin Ford ya yi wa motocinsa F-150 kusan miliyan ɗaya da rabi kiranye, ƙirar 2011 zuwa 2013, saboda suna faɗawa giya ta ɗaya ba zato. Maganin shi ne sabunta manhajar kwamfutar motar.

Shi ya sa matakin farko shi ne a jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0700 cewa kawai take yi akwai matsala a ɓangaren giya. Lambobin da ke biyo ta ne ke nuna inda ciwon yake.

Idan ta tabbata ta mutu

Sai an cire kan batir kafin a taɓa ta. Wadda za a sayo, sabuwa ko ta hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, dole lambarta ta dace da ta tsohuwar, domin kama da wane ba ta wane.

A motoci da yawa kuma sai an saita ta da kwamfuta ta gane lambar shasin motar, sannan a yi tafiyar gwaji a hankali, ba lodi, har ta saba da giyabos ɗin.

Idan kuwa waya ce ta ƙona tsohuwar kuma ba a gyara ta ba, sabuwar ma haka za ta ƙone, wataƙila kafin wata Alhamis ɗin.